Ɗanɗanon Miya da Ƙidayar Ƙuri'a: Darasi Daga Zaɓen Fid da Gwani na Amurka

Gabatarwa

Uwargida ba ta shanye tukunya kafin ta san ko gishiri ya ji. Takan motsa miyar, ta ɗebi kaɗan a cokali, ta ɗanɗana. Wannan dabara ita ce ginshiƙin wani babban reshe na ilimin ƙididdiga, wato nazarin samfur. A wannan darasi za mu duba yadda ake aiki da ita a daren zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a Amurka, domin mai karatu ya iya bambance abin da aka ɗanɗana da abin da aka ƙidaya.

A Amurka, manyan jam'iyyu biyu, Dimokurat da Rifabilikan, suna fid da ɗan takararsu ne jiha bayan jiha, daga farkon shekarar zaɓe har zuwa watan Yuni. Kowace jiha tana da adadin wakilai da ake raba wa 'yan takara gwargwadon sakamako, kuma wakilan ne ke tsayar da gwani a babban taron jam'iyya. Sakamakon jihohin farko yana da nauyi ƙwarai, don wanda aka ce ya faɗi, masu ba shi gudummawar kuɗi kan watse tun kafin gari ya waye.

Jin Ra'ayin Bakin Rumfa

Tun kafin a buɗe akwati, gidajen talabijin kan sami hasken yadda zaɓe ya kaya. Ana tsamo wasu rumfunan zaɓe ta hanyar ƙuri'a, a tsayar da ma'aikaci a ƙofar kowace. Shi kuma yana tare mutane bisa ƙa'ida, misali kowane mutum na biyar da ya fito, ya ba shi takarda ya cike a asirce: wa ya zaɓa, shekarunsa nawa, wace matsala ce ta fi damunsa. Warren Mitofsky ne ya gwada wannan hanya a gidan talabijin na CBS a zaɓen gwamnan Kentucky na 1967. Daga 2004 zuwa 2024 kamfanin Edison Research ne ya riƙa yi wa manyan gidajen talabijin wannan aiki.

Tazarar Kuskure

Samfur ba ya taɓa dacewa da gaskiya daidai wa daida, amma ana iya auna iyakar kaucewarsa. Ga hanya mai sauƙi. A nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan mutanen da aka tambaya, sannan a raba 100 da ita. Idan an tambayi mutum 400, lambar ita ce 20, tazarar kuskure kuwa maki 5. Idan mutum 2,500 ne, lambar 50 ce, tazarar maki 2. Ma'ana, a sau 19 cikin 20, gaskiya tana cikin wannan tazara, sama ko ƙasa.

A lura da abubuwa biyu. Na farko, sai an ninka yawan mutane sau huɗu kafin kuskure ya ragu da rabi. Na biyu, idan ratar da ke tsakanin 'yan takara biyu ake aunawa, kuskuren kan kusa ninkawa. Bugu da ƙari, mutanen rumfa ɗaya 'yan unguwa ɗaya ne, ra'ayinsu kan yi kama, saboda haka kuskuren bakin rumfa ya fi wanda lissafin nan ya nuna.

Akwai kuma kuskuren da yawan mutane ba ya maganinsa, wato na miyar da ba a motsa ba. A babban zaɓen 2004 jin ra'ayi ya fifita John Kerry, alhali George W. Bush ne ya ci. Binciken da masu aikin suka fitar a 2005 ya nuna cewa magoya bayan Kerry sun fi yarda su tsaya su amsa tambaya. Haka nan waɗanda suka jefa ƙuri'a ta gidan waya ba sa zuwa rumfa, sai dai a neme su ta tarho.

Dare Uku, Darasi Uku

Ranar 29 ga Fabrairu, 2020, da rufe rumfuna a Carolina ta Kudu aka sanar cewa Joe Biden ya yi nasara. Ya sami kimanin kashi 48 cikin ɗari, Bernie Sanders kimanin 20. Rata irin wannan ta fi ƙarfin kowace tazarar kuskure, don haka samfur ya wadatar.

Ranar 8 ga Janairu, 2008, a New Hampshire, labari ya sha bamban. Jin ra'ayin da aka yi kafin zaɓe ya ba Barack Obama nasara, amma Hillary Clinton ta ci da kashi 39, shi yana da 36. Ratar maki 3 ta yi wa samfur ƙanƙanta, tilas aka jira ƙidaya har dare ya yi nisa. Duk da haka takardun bakin rumfa sun bayyana dalili: mata sun fi rabin masu zaɓe, kuma sun fi karkata ga Clinton. Akwati ba zai taɓa faɗin wannan ba, domin ƙuri'a ba ta da suna.

A Iowa kuwa, ranar 3 ga Janairu, 2012, ƙidayar farko ce da kanta ta yi tuntuɓe. An sanar cewa Mitt Romney ya ci da ƙuri'a 8. Bayan mako biyu, da aka tantance takardu, sai ga Rick Santorum a gaba da ƙuri'a 34. Kafin nan an riga an yi zaɓen New Hampshire, Romney ya shige shi da sunan wanda ya ci Iowa.

Kammalawa

Duk lokacin da aka nuna maka adadi a daren zaɓe, yi tambaya uku. Samfur ne ko ƙidaya? Mutum nawa aka tambaya, ko kashi nawa aka ƙidaya, kuma daga wane yanki? Ratar ta zarce tazarar kuskure? Samfur yana bayyana su wane ne suka yi zaɓe da abin da ya motsa su. Wanda ya ci kuwa, ƙidayar da aka tantance ce ke faɗa.

Aikin Aji

Malam ya zuba wake fari 600 da ja 400 a ƙwarya, a gauraya sosai. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya ɗebo 25, ya rubuta kason fari, ya mayar. A maimaita da 100. A jera amsoshin a allo, a ga wanne rukuni ya fi kusa da kashi 60. Daga nan a zuba jan waken a sama ba tare da gaurayawa ba, a sake ɗiba. Me ya faru, kuma wane irin kuskure ne wannan?