Darasin Wannan Wata: Tashar Jirgin Ƙasa

Jama'a masu karatu, kowa a Tafashiya ya san tashar mota. In za ka Kano ko Katsina, sai ka fita Kankiya ka zauna a mota, ba za ta tashi ba sai ta cika. Tashar jirgin ƙasa ba haka take ba. Jirgi da lokaci yake aiki. Ko ya cika ko bai cika ba, in lokaci ya yi zai tashi.

Me ya sa za mu koyi wannan? Jirgi ya iso Kano tun 1911, kuma akwai tsohuwar tasha a Funtuwa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara bin layin nan, da yawa daga cikinmu za su shiga. Gara mu san tasha tun yanzu.

Bari mu ɗauki misali da tashar Rigasa, a gefen garin Kaduna. Daga nan jirgi yake zuwa Abuja tun 2016, tafiyar kilomita 186. Ga abubuwan da matafiyi zai tarar:

1. Wurin sayen tikiti. Tun 2021 ana iya sayen tikiti ta wayar hannu. Ka tafi da katinka na ɗan ƙasa, domin ana duba suna.

2. Ƙofar bincike. A nan jami'an tsaro suke duba mutum da kayansa. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba.

3. Zauren jira. Akwai kujeru da makewayi. Ka kasa kunne ga sanarwa, kuma kada ka bar kayanka ka tafi.

4. Dandamali. Shi ne dogon dakalin da ake tsayawa a shiga jirgi. Ka tsaya nesa da bakinsa, ka riƙe hannun yara. Kada ka tsallaka layin dogo. Jirgi yana da nauyi ƙwarai, ko direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya.

Yanzu sai tikitin kansa. Abu huɗu za ka duba a kai: ranar tafiya, lokacin tashi, lambar tarago da lambar kujera. Wanda bai duba waɗannan ba, ana iya sayar masa da tikitin jiya, ko na wani mutum dabam. Kuɗinsa ya tafi, jirgi kuma ya tafi. Saboda haka kada ka saya a hannun masu tare mutane a bakin ƙofa. In wani abu ya shige maka duhu, ka tambayi ma'aikaci mai kayan aiki. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tashar mota da tashar jirgi?
2. Faɗi abu huɗu da ake dubawa a tikiti.
3. Jirgi zai tashi ƙarfe 8:00 na safe. Kana so ka isa tasha da saura awa ɗaya, kuma daga masaukinka zuwa tasha tafiyar minti 30 ce. Ƙarfe nawa za ka fito?

Ku rubuta amsa a littafinku, ku nuna wa malamin aji.