Jinyar Masu Shan Metamfetamin Da Suka Shiga Hannun Shari'a

Metamfetamin ƙwaya ce mai zaburar da ƙwaƙwalwa. Kamanninta kamar ɓarɓashin ƙanƙara ne, shi ya sa a ƙasar Ibo ake kiranta mkpuru mmiri. A shekarar 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, watau NDLEA. A 2011 hukumar ta gano wurin harhaɗa wannan ƙwaya na farko a Ikko, a 2016 kuma ta gano wani babba a Asaba. Ke nan ana yin ta a cikin gida, kuma ta shiga tsakanin samari.

Yadda take kama mutum

Idan ta shiga jini, sai ta sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna dofamin fiye da kima. Mai sha ya kan ji ƙarfi, barci da yunwa su ɗauke masa. Da tafiya ta yi nisa, ba ya jin daɗin kome sai ya sha. Ya kan rame, haƙora su lalace, ya riƙa zargin ana bin sa, har ya ji muryoyin da babu su. A irin wannan hali ne wasu kan yi sata ko su ji wa mutane rauni.

Abin da doka ta tanada

Dokar NDLEA ta yanke ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai riƙe ko shan miyagun ƙwayoyi. Amma ta kuma ba Babbar Kotun Tarayya ikon umurtar a yi wa mai laifi jinya da horo, ƙari bisa hukuncinsa. Dokar 2019 ta mai da gidajen kurkuku gidajen gyaran hali, ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sa ido a kan mai laifi yana gida. Dalilin wannan a fili yake. Ɗauri ya kan raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, amma ba ya kashe sha'awarta. Wanda ya fito ba jinya, da wuya bai koma gidan jiya ba.

Matakan jinya

Na farko, a duba lafiyarsa tun ranar da aka tsare shi. A kwanakin farko na dainawa ya kan yi barci mai nauyi, da yawan ci, da baƙin ciki mai tsanani, har wani ya yi tunanin kashe kansa. Lalle ne ma'aikata su sa masa ido a wannan lokaci.

Na biyu, idan hankalinsa ya gushe, likita ya ba shi maganin taɓin hankali. Duka da ɗauri da sarƙa ba magani ba ne.

Na uku, koyar da sabon hali. Har yanzu babu maganin da aka amince da shi mai kashe sha'awar metamfetamin, yadda metadon ke taimakon masu shan hiroyin. Hanyar da ta fi amfani ita ce a riƙa gwada fitsarinsa a kai a kai, duk lokacin da aka tarar babu ƙwaya a ba shi ɗan tukuici. Ana haɗa wannan da zaman shawara, inda zai gane abokai da wuraren da ke ja masa sha'awa, ya koyi kauce musu.

Na huɗu, kulawa bayan sallama. Watannin farko su ne mafi haɗari. Idan ya sake sha, a hanzarta mai da shi wurin jinya, kada a fid da rai.

Aikin jama'a

Asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Aro a Abeokuta, da Yaba a Ikko, da Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Inugu suna karɓar irin waɗannan majinyata. NDLEA ma tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Ya kamata iyaye su kai ɗansu tun bai shiga hannun hukuma ba, domin rigakafi ya fi magani. Wanda kuwa ya gama wa'adinsa, wajibi ne dangi da masu unguwa da malamai su karɓe shi, su nema masa sana'a. Wanda aka ƙyamata a gida, dillalin ƙwaya ne kaɗai zai yi masa maraba.