Wasan Punch da Judy na Ingila da Dabo-dabo na Ƙasarmu

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a kwatanta wani wasan 'yar tsana na Turawan Ingila da takwaransa na ƙasarmu, don a ga abin da ya raya ɗaya, ya bar ɗayan yana neman ɓacewa.

Asalin Wasan

Punch ba haifaffen Ingila ba ne. Asalinsa wani ɗan barkwanci ne mai suna Pulcinella a wasannin birnin Naples na ƙasar Italiya. Labarinsa na farko a Ingila yana cikin littafin ajiyar bayanai na Samuel Pepys, wanda ya kalli wasan a Covent Garden ta birnin Landan ran 9 ga Mayu, 1662. A lokacin da zare ake motsa 'yan tsanar. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka koma cusa hannu a cikinsu kamar safa, watau mutum guda ya isa ya yi wasan, ya kuma ɗauki 'yar rumfarsa ya bi tituna.

Punch mai ƙusumbi ne, mai lanƙwasasshen hanci, kuma ba ya rabuwa da kulki. Yakan jefar da jaririnsa, ya doke matarsa Judy, ya jibgi likita da ɗan sanda, ya yaudari hauni har ya sa kansa a igiya, daga ƙarshe ya kara da Shaiɗan. Muryarsa siririya ce, ana fitar da ita da wasu 'yan ƙarafa biyu da mai wasa ke maƙalawa a ganɗarsa.

Dabo-dabo

A nan wajenmu ma akwai irin wannan. A shekarar 1910 wani Bature, D. Alexander, ya ba da labarin wasan dabo-dabo a Barno, ya kuma kwatanta shi da Punch. Haka R. E. Ellison ya yi bayanin wanda ya gani a 1935. Mai wasan yakan kafa babbar riga a kan sanda, ya shige ciki, ya riƙa fito da 'yan tsanar ta wuyan rigar, yana sauya murya da ɓawon ƙwan jimina. Hausawan Nijar kuwa suna kiran 'yan tsanar ɗiyan dabo.

Wannan sauya murya abin lura ne. Gizo ma da tsamin baki yake magana a tatsuniya. Da zarar murya ta sauya, sai maganar ta tashi daga ta mai wasa ta zama ta 'yar tsana, don haka talaka ya sami damar yi wa mai iko dariya ba tare da an kama kowa da laifi ba.

Abin da Ya Raba Su

Bambancin shi ne rubutu. A 1828 John Payne Collier ya buga wasan kamar yadda Giovanni Piccini ke yin sa, George Cruikshank ya zana hotunan. Bugu da ƙari, wasan ya bi zamani: ya koma bakin teku inda ake hutu, ya zama na yara, aka rage masa muni. Namu kuwa yana cikin kan masu yin sa ne kawai, kuma kowane tsoho ya rasu, da nasa yake tafiya.

Kammalawa

Aikin yana kanmu, mu ɗaliban Hausa. Garuruwan bakin iyaka irin su Babban Mutum a ƙasar Daura, da ke kan hanyar Magarya da Damagaram, wurare ne da ya kamata a fara tambayar dattawa: wa ya taɓa gani, a wace kasuwa, su wa ake kwaikwaya? Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an san inda aka ajiye ta.