Yadda Ake Dakuwar Dabino Domin Yara a Al Khabaisi

Yaron da motar makaranta ta ɗauka da sassafe, kafin azahar yunwa ta fara cin sa. Abin da ya fi sauƙin samu a shagunan unguwa kuwa bai wuce alewa da lemon kwalba ba, waɗanda ke ba da kuzari na ɗan lokaci, sannan kasala ta biyo baya. A 2017 Daular Larabawa ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 kan lemo mai gas domin a rage shansa. Uwargida da ke Al Khabaisi a yankin Deira na Dubai tana da mafita a dakuwarmu ta gida, sai dai a nan dabino ne zai tsaya a madadin sukari.

Kayan haɗi: dabino mai laushi kofi 2, gyaɗa kofi 1, busasshiyar aya rabin kofi, riɗi rabin kofi, garin citta da kirfa kaɗan, gishiri ɗan mitsitsi, man gyaɗa cokali 1.

Dabinon Khalas ya fi dacewa saboda laushinsa, kuma ana samun sa a kasuwar Waterfront da aka buɗe a Deira a 2017. Citta da kirfa da riɗi kuwa, ki hau jirgin Metro a tashar Abu Baker Al Siddique ki sauka Al Ras, kusa da kasuwar kayan ƙamshi. Aya sai shagunan 'yan Afirka na wajen Naif, ko wadda aka kawo miki tsaraba daga Kano.

Da farko ki tsince ayar, ki wanke, ki shanya ta bushe sarai. Ki soya ta a busasshiyar tukunya kan wuta kaɗan har ta yi ƙamshi. Haka za ki yi wa gyaɗa, sannan ki murje ɓawon ki fece. Riɗi a ƙarshe, kuma kada ki bar wurin, domin nan da nan yake ƙonewa ya yi ɗaci.

Idan sun huce, ki niƙa ayar ita kaɗai ki tankaɗe, saboda ta fi sauran tauri. Gyaɗar kuwa, wajen niƙa ta, kada ki bari ta yi laushi har ta fara fitar da mai.

Sai ki cire ƙwallon dabinon, ki buɗe kowanne ki duba ko da tsutsa. Idan ya ɗan bushe, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi na minti 10 ki tsane. Ki kirɓa shi a turmi ko injin markaɗe har ya yi danƙo.

Daga nan ki zuba garin aya da gyaɗa da citta da kirfa da gishiri, ki ci gaba da kirɓawa har su kama juna. Ki shafa mai a tafin hannu, ki mulmula ƙanana, ki birkiɗa su cikin riɗi, ki sa a firiji na minti 30.

Dabino na ba da ƙarfi nan take, gyaɗa da aya kuma suna riƙe ciki, shi ya sa yaro ke daɗewa bai nemi wani abu ba. Biyu ko uku sun isa a rana, tare da ruwa ko madara, domin dabino ma zaƙi ne.

A kula: makarantu da dama a Dubai sun hana shiga da gyaɗa saboda yaran da jikinsu ba ya karɓar ta. Ki tambayi makarantar tukuna. Idan an hana, ki sa soyayyen garin gero a madadinta, ki tambaya har game da riɗi. Tunda zafi kan kai maki 40 a watan Yuni, ki ajiye dakuwar a firiji cikin mazubi mai murfi, a cinye cikin mako guda. A ci daɗi lafiya.