Darasin Lafiya: Ma'aikaciyar Lafiya Ta Unguwa Da Hawan Jini

Darasinmu na wannan fitowa a kan hawan jini ne, da irin aikin da ma'aikaciyar lafiya ta unguwa take yi wajen tare shi tun bai yi ɓarna ba.

Ciwon da ba ya sallama

Zazzaɓin cizon sauro idan ya zo kowa ya san ya zo. Hawan jini ba haka yake ba. Uwargida za ta iya yin shekaru da shi, tana girkinta, tana zuwa biki da suna, ba ta jin komai. Amma a ciki jini yana ta matsa wa jijiyoyi, zuciya tana aikin da ya fi ƙarfinta, ƙoda da ido suna lalacewa a hankali. Sai rana ɗaya a ji an ce wance ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa mutum 1 cikin manya 3 a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Awo ne kaɗai ke tona shi. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban, to akwai shi.

Wace ce ma'aikaciyar lafiya ta unguwa?

Ba likita ba ce. Mace ce da aka horar ta auna jini, ta ba da shawara, ta kuma gane wanda ya kamata a tura asibiti. Ƙarfinta shi ne kusanci: ta san harshenmu, ta san abin da ke cikin tukunyarmu, kuma tana shiga gidan da namiji ba ya shiga. Ƙasar Pakistan ta fara irin wannan shiri a 1994, inda ake ɗaukar mace daga cikin garinsu a ba ta kimanin mutum 1,000 ta riƙa bi gida-gida. Habasha ma ta fara nata a 2003.

To, shin abin yana aiki? An gwada shi a ƙauyukan Bangaladesh da Pakistan da Sirilanka, a kan mutum 2,645 masu hawan jini, 'yan shekara 40 zuwa sama. A rabin garuruwan, ma'aikatan lafiya suna zuwa gida duk bayan wata 3, su auna jini, su yi bayanin abinci da magani, su tura wanda jininsa ya ƙi sauka wurin likita. Bayan shekara 2, sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna lambar sama ta awonsu ta sauka da kusan maki 9, alhali a sauran garuruwan kusan maki 4 ne. Kada ki raina wannan rata, 'yar uwa, don kowane maki da ya sauka yana rage haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya. Kuma ki lura, ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, bibiya ce kawai.

Abin da ya rage gare mu

1. A yi awo. Duk wadda ta girma ta je asibitin unguwa a auna ta, ko da ba ta jin ciwo. Ta ja maigida da surukarta su ma.

2. A rage gishiri. Ƙa'idar ita ce kada mutum ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen magi da yajin da muke barbaɗawa duk suna cikin lissafin. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna gyara miya ba sai an cika gishiri ba.

3. A motsa jiki. Ana son minti 150 a mako, kamar rabin awa sau 5. Tafiya da sauri ko da a tsakar gida ce ta shiga ciki.

4. Kada a bar magani don an ji sauƙi. Maganin yana danne ciwon ne, ba korarsa yake ba. Idan kuɗi ne ya yanke, ko maganin yana wahalar da ke, ki faɗa wa ma'aikaciyar gaskiya. Haka idan kina shan jiƙo ko sassaƙe.

5. Mai ciki kada ta fasa zuwa awo. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi na iya zama alamar jijjiga na tafe. Wannan ba na jira har gari ya waye ba ne.

6. A nemi gwajin sukari, don sau da yawa tare suke tafiya da hawan jini, musamman ga mai ƙiba ko wadda ake da shi a danginsu.

Daga ƙarshe, ki yi wa maigida bayani tun kafin ma'aikaciyar ta zo, don kada a mayar da ita daga zaure. Idan ta shigo a ba ta tabarma, a fito da katin asibiti da kwalin magani, a yi tambaya ba jin kunya. Ki ajiye ɗan littafi ki riƙa rubuta awonki da kwanan wata, ki tafi da shi duk ranar ganin likita.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.