Jinin Da Ba Ya Tsayawa: Jan Hankali Ga Iyaye, Wanzamai Da Shugabannin Jama'a

Idan hunturu ya kama, a garuruwanmu da ƙauyukanmu akan tara yara maza a yi musu kaciya. Wanzami ya yi aikinsa, jini ya ɗan zuba ya tsaya, bayan 'yan makonni yara su warke su koma wasansu. Amma wani lokaci akan sami yaro ɗaya wanda nasa jinin ya ƙi tsayawa. Ba tsartuwa yake yi ba, tsattsafowa yake yi a hankali. A ɗaure da tsumma ya jiƙe, a sake wani ya jiƙe, a kwana a wuni, har yaro ya yi fari fat, ko kuka ba ya iya yi. Daga nan sai maganganu su tashi. Wasu su ce hannun wanzami ne ba shi da kyau, wasu su ce jifa ne, wasu su kama sunan wata tsohuwa a unguwa su ce ita ta kama masa kurwa. Sau da yawa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ciwo ne da aka haifi yaron da shi, likitoci sun san shi, suna kiransa himofiliya, wato ciwon rashin daskarewar jini, kuma yana da magani.

Ya kai mai karatu, ka sani Allah ya halicci jini da waɗansu sinadarai da ke sa shi ya daskare idan an ji rauni. Likitoci sun ba su lambobi. Aikinsu kamar na magina ne da suka yi layi suna miƙa tubali hannu da hannu: in mutum ɗaya ya fita daga layin, tubali ba ya isa kan katanga, kome ƙwazon sauran. Wanda ya rasa sinadari na 8, an ce yana da himofiliya nau'in A, shi ne ya fi yawa. Wanda ya rasa na 9 yana da nau'in B. Ciwon kuma hawa-hawa ne. Akwai wanda abin da ke jikinsa na sinadarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ne mai tsanani, jini kan ɓalle masa ko bai bugu ba. Akwai mai kashi 1 zuwa 5. Akwai kuma mai sauƙi, wanda zai iya girma bai san yana da shi ba, sai ranar da aka cire masa haƙori ko aka yi masa tiyata.

Ba a ɗaukar wannan ciwo a wajen wani. Ba ya bin kwano, ba ya bin tabarma, ba ya bin musafaha. Gadonsa ake yi, kuma hanyar gadon tana da ƙa'ida. Galibi maza yake kamawa, mata kuwa su ne ke ɗauke da ƙwayar halittar. Idan uwa tana ɗauke da ita, kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya samun ciwon, yana iya kuɓuta, rabi da rabi ne. Idan kuwa uba ne mai ciwon, 'ya'yansa maza ba za su gada daga gare shi ba, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauki ƙwayar. Shi ya sa idan likita yana bincike, ba dangin uba yake fara tambaya ba, sai ya ce da uwa, "A cikin 'yan'uwanki maza ko kawunnanki akwai wanda ya taɓa zubar da jini bayan kaciya?"

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu faɗa. Da zarar wasu mazan sun ji cewa ta wajen uwa abin yake bi, sai su mai da shi laifinta. A yi ta gori, surukai su sa baki, wani lokaci har takarda ta biyo baya, a bar ta da yaro marar lafiya da kuɗin asibiti. Wannan zalunci ne, kuma jahilci ne. Matar nan ba ta zaɓi abin da aka halicce ta da shi ba, ƙila ma daga mahaifinta ta samo shi. Bugu da ƙari, kusan ɗaya cikin uku na yaran da ake haifa da himofiliya babu tarihinta a danginsu ko kaɗan, canji ne ya auku a ƙwayar halitta. Ciwon bai san talaka ba, bai san sarki ba. Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da ƙwayar, ɗanta Liyofold ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya zame ya faɗi, kuma ta hanyar 'ya'yanta mata ciwon ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen da Jamus. Ba kuma sabon abu ba ne. Babban likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rayu kimanin shekara dubu da suka wuce, ya ba da labarin waɗansu mutane da mazajensu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni.

Mutane da yawa suna zaton mai wannan ciwo ko ƙaya ce ta soke shi shi ke nan. Ba haka ba ne. Ƙaramin yanka yakan tsaya idan an danne shi. Babban haɗarin shi ne jinin da ke zuba a ciki, inda ido ba ya gani. Yaro ya fara rarrafe, sai a riƙa ganin kwanciyar jini a gwiwoyinsa da hannuwansa, har a zargi mai rainonsa da mugunta. Ya fara tafiya, sai gwiwa ko idon sawu ko gwiwar hannu su kumbura, su yi zafi, ya hana a taɓa. Jini ne ya taru a gaɓar. To, mu kuma me muka saba yi? Mu ce targaɗe ne, a kai wa maɗori ya murɗa ya ja. Ko mu ce mugun jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho ko sakiya. Ko a je kemis a sayo asfirin ko ibufurofen, ko a yi masa allura a ɗuwawu. Duk waɗannan ƙara ɓarna suke yi: tausa mai ƙarfi tana ƙara zubar jinin, tsaga tana buɗe sabuwar ƙofa, asfirin da danginta suna ƙara hana jini daskarewa, allurar tsoka kuma tana iya tara jini a wurin. In aka yi ta maimaita haka, gaɓar takan lalace, yaro ya tashi da ƙafa a lanƙwashe, a ce shan inna ne, alhali kuwa gurguntar da za a iya kauce mata ce. Abin da ya dace kafin a isa asibiti shi ne a hutar da gaɓar, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora, a ɗaure ba da tsanani ba, a ɗaga ta sama, a ba shi farasitamol in zafi ya yi yawa. Amma idan a ka ya bugu, ko wuyansa ya kumbura, ko cikinsa ya murɗa, ba a jiran gari ya waye.

Kada kuma a ɗauka maganar ta maza ce kaɗai. Akwai wani ciwon na gado da wani likitan ƙasar Finlan mai suna Erik von Willebrand ya bayyana a 1926, ana kiransa da sunansa, ya ma fi himofiliya yawa, kuma yana kama maza da mata. Alamunsa su ne yawan haɓo, jinin dasashi, da jinin al'ada mai yawa wanda ke wuce mako guda. 'Yan mata nawa ne ke fama da wannan a ɓoye saboda kunya? Mace takan je wajen malama ta tambayi hukuncin sallarta, a ba ta amsa, amma ba a ce mata ta je a auna jininta ba. Ranar haihuwa kuwa jinin biƙi ya zo da abin da ba a shirya masa ba. Malaman Islamiyya da ungozomomi suna da babban aiki a nan, domin su ne mata ke buɗe wa ciki. Waɗansu matan masu ɗauke da ƙwayar himofiliya su ma sukan yi irin wannan zubar jinin. Akwai kuma waɗansu nau'o'in ciwon zubar jini da ba su da yawa, waɗanda sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, su ne ake ƙara gani inda auren zumunci ya yawaita.

Maganin himofiliya shi ne a mayar wa jini abin da ya rasa. Ana yin allurar sinadarin a jijiya, masu ciwon suna kiranta fakto. A 1964 wata masaniya a Amurka, Judith Pool, ta gano hanyar tace sinadari na 8 daga ruwan jinin da aka daskarar, daga nan aka yi ta samun ci gaba, har ta kai yanzu akwai allurar rigakafi da ake yi ƙarƙashin fata. Yaron da ke samun magani a kan kari yana zuwa makaranta, ya yi sana'a, ya yi aure, ya tsufa. Matsalar ita ce tsada. Babu manomi ko ɗan tireda ko malamin makaranta da zai iya saye da aljihunsa shekara da shekaru, ko da ya sayar da gona.

Saboda haka ne a ko'ina cikin duniya masu wannan ciwo ba su sami sauƙi ba sai da suka haɗa kai. A 1963 wani mutumin Kanada mai suna Frank Schnabel, wanda shi kansa da ciwon aka haife shi, ya kafa Tarayyar Himofiliya ta Duniya, wadda hedkwatarta ke birnin Montiriyal. Tun 1989 aka ware ranar haihuwarsa, 17 ga Afrilu, ta zama ranar wayar da kai a kan ciwon. Haɗin kan nan ya yi rana lokacin da masifa ta auku. A shekarun 1970 da 1980 an ba dubban masu himofiliya magani da aka haɗa daga jini mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da ta ciwon hanta. A Amurka wani yaro mai suna Ryan White ya kamu da ƙanjamau ta wannan hanya, aka hana shi shiga makaranta, iyalinsa suka kai ƙara har ya koma aji, kuma bayan rasuwarsa a 1990 aka yi dokar tallafa wa masu ƙanjamau da sunansa. A Birtaniya iyalai sun yi shekaru da dama suna neman a saurare su, sai a watan Mayu na 2024 hukumar bincike ta fitar da rahoto cewa fiye da mutum 30,000 ne suka kamu ta gurɓataccen jini da magungunan da aka yi da shi, firaminista ya fito ya nemi gafara. Da kowa ya zauna a ɗakinsa yana kuka shi kaɗai, da ba wanda ya ji. Maganin yau kuwa ana tsarkake shi, wani ma ba daga jinin mutum ake yinsa ba.

A Nijeriya akwai Gidauniyar Himofiliya ta Nijeriya, wadda wata uwa mai 'ya'ya masu ciwon ta kafa a 2005. Ta hanyarta maganin da tarayyar duniya ke bayarwa kyauta yake isa waɗansu asibitocin koyarwa. To amma ga inda gizo ke saƙar: ba a aiko magani don mutumin da ba a san da shi ba. An ƙiyasta cewa cikin haihuwa 10,000 akan sami kamar ɗaya mai himofiliya. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, in aka bi wannan lissafi, ana maganar mutum wajen 20,000 ke nan, amma waɗanda aka auna aka rubuta sunayensu kaɗan ne ƙwarai. Sauran suna ina? Waɗansu an binne su bayan kaciya ko cire beli, an ce kwana ne ya ƙare. Waɗansu suna kwance a ɗaka ana yi musu maganin sanyin ƙashi. Duk gidan da ya ɓoye ɗansa don gudun kada a ƙi auren 'ya'yansa mata, ya sani ya hana shi magani, ya kuma rage nauyin muryar sauran.

Wanzami, kai ne mutum na farko da ke iya ceton ran yaron nan, kuma ba sai ka bar sana'ar gado ba. Kafin ka zare aska, ko ta kaciya ko ta beli ko ta zane, tambayi iyaye: cibiyarsa ta yi jini fiye da kima? Yana yawan kwanciyar jini? A dangin uwarsa an taɓa rasa yaro ta haka? In aka ce e, mai da askarka cikin zabira, ka tura su asibiti. Akwai sashen kula da cututtukan jini a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da na Maiduguri, kuma gwaji ne kaɗai ke tabbatar da ciwon, domin ba kowace zubar jini ce himofiliya ba. Ba a ce kada a yi wa yaron kaciya ba. Ana yi, amma a asibiti, bayan an tanadi fakto. Liman kuma ya bayyana wa jama'a cewa kare rai yana gaba, jinkirta kaciya saboda lalura ba saɓo ba ne.

Malamin makaranta, na boko da na allo, ka san wane ne mai ciwon a cikin ɗalibanka. Bulala da ranƙwashi ba nasa ba ne, dambe da kokawa ma haka, amma kada ka ware shi kamar ƙwai, ka bar shi ya yi wasan da ba na karo ba, domin ƙarfin tsoka yana kare gaɓa. In ya yi fashin mako guda saboda kumburin gwiwa, ba lalaci ba ne. Mai unguwa da dagaci su taimaka iyalan da abin ya shafa su san juna. Ko gida biyar ne suka haɗu, za su iya yin asusun kuɗin mota na gaggawa, su san wane direba ne za a tasa da tsakar dare, su sami masu ba da jini a shirye, su kuma nemi wurin da ke da firji don ajiyar magani. Masu hali su tuna da irin waɗannan gidaje a lokacin zakka.

Sai kuma a tunkari hukuma, da ladabi amma ba da gajiyawa ba. Kyautar ƙasashen waje tana iya yankewa kowane lokaci, ba a gina lafiyar yara a kanta. A 2022 an sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta tanadi asusu don marasa galihu. Ƙungiyar iyaye ta rubuta wa ɗan majalisarta da kwamishinan lafiya takarda, ta sa yawan yaran da aka tabbatar da ciwonsu a yankin, ta nemi a sa fakto cikin kasafin kuɗi da cikin magungunan inshora, a kuma kawo na'urar gwajin kusa da jama'a. Kafin nan, kowane mai ciwon ya nemi likitansa ya rubuta masa kati mai ɗauke da sunansa, da nau'in ciwonsa, A ne ko B, da lambar wayar asibitin da ke duba shi, ya riƙa yawo da shi a aljihu.