DARASI A KAN RIGA-KAFIN CUTUTTUKAN SADUWA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da Sahabbansa.

Bayan haka, ya ku samari, ku sani zina haram ce, babu allurar da za ta halatta ta. Wannan mun gama da shi. Abin da za mu duba yau shi ne maganar da wasu ke yi cewa allurar riga-kafin cututtukan da ake ɗauka ta wajen saduwa ƙofar alfasha ce, don haka kada a yi wa 'ya'yan Musulmi.

Da fari mu san abin da likitoci suka samu. Tun 1981 akwai riga-kafin ciwon hanta irin wanda suke kira B. A 2006 aka fito da na ƙwayar HPV, wadda wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, ya gano ita ce ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Wannan sankara ta kashe mata wajen 350,000 a duniya a 2022 kaɗai. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura kyauta a Oktoba 2023. Ƙanjamau kuwa, tun 1983 aka gano ƙwayarsa, har yau babu riga-kafi. Gwajin da aka yi a Tailan a 2009 kashi 31 cikin ɗari kawai ya kare. Tunjere ma babu. Ciwon sanyi ya fara gagarar magungunan da a da suke kashe shi, shi ya sa Ingila a 2025 ta koma amfani da allurar sanƙarau domin rage shi, ita ma kariyarta ba ta kai rabi ba. Wanda ya dogara da allura ya tafi yawon banza, ya yaudari kansa.

To, mu koma ga masu hanawa. Wa wannan cuta take kamawa? Yarinya ce ta tsare kanta, aka kai ta ɗakin miji da mutuncinta. Mijin nan ya yi ƙuruciya a baya, ya tuba, Allah Ya karɓa, amma ƙwayar tana jikinsa bai sani ba, domin galibi ba ta nuna alama ga namiji. Bayan shekara goma sha biyar ko ashirin sai jini ya ɓalle mata. Laifin me ta yi? Ciwon hanta kuma jariri yana ɗaukarsa daga uwa ranar haihuwa, ana ɗaukarsa a askar wanzami. Ina zina a nan? Shari'a ta zo ne da tsare rai da tsare zuriya, kuma neman magani ba ya warware tawakkali, kamar yadda malamai suka yi bayani.

Tsoron mutanenmu ba daga sama ya faɗo ba. Gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi wa yara a Kano a 1996 yana nan a zukata. Amma maganin wannan bincike ne: a tambayi likitoci Musulmi amintattu, ba a bi jita-jitar bakin kasuwa ba.

Kai da kake shirin aure, je asibiti a gwada jininka kafin a sa rana. In ba ka da ciwon hanta, ka karɓi allurar, sau uku ake yi cikin wata shida. In kuma ƙanwarka ta kai shekara tara, ka zauna da mahaifinku cikin ladabi ka yi masa wannan bayani.